Injin da Ba Nata Ba: Yadda Ake Ƙiyasta Kuɗin Tsohuwar Motar Amurka Kafin a Saya

A kasuwar tsofaffin motocin Amurka za a iya jera Chevrolet Chevelle biyu ƙirar 1970, launinsu ɗaya, kujerunsu iri ɗaya, kowace da inji mai silinda takwas wanda in aka tashe shi sai ƙasa ta amsa, amma a sayar da ɗaya a kan ninkin kuɗin ɗayar, wani lokaci ma fiye. Abin da ya raba su bai kai faɗin tafin hannu ba. Wasu 'yan haruffa ne da lambobi da aka buga a jikin bulon injin lokacin da ake haɗa motar. In sun yi daidai da lambar shasinta, to injin da ta fito da shi daga masana'anta ke nan. In ba su yi ba, wani ya canza shi a cikin shekara hamsin da 'yan kai da motar ta yi tana yawo hannu zuwa hannu.

Ga wanda ya saba da cinikin mota a Kano ko Kaduna, abin da ɗaure kai. A wurinmu in dillali ya ce an sa wa mota injin Beljiyam, yabonta yake yi, kuma ƙarin kuɗi yake nema. A can kuwa, ga irin waɗannan motoci, jimlar da mai sayarwa ya fi jin nauyin furtawa ita ce injin ba nata ba ne.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke kira muscle car. Yawancin masu bin tarihin mota suna fara ƙidayarsu daga 1964, shekarar da Pontiac ya ɗauki inji mai girman inci 389, wato kusan lita shida da rabi, ya cusa shi a cikin matsakaiciyar mota ya kira ta GTO. John DeLorean na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata har aka yi ta. Nan da nan sauran kamfanoni suka biyo sahu: Chevrolet da Chevelle SS, Dodge da Charger R/T, Plymouth da Road Runner da 'Cuda, Oldsmobile da 442, Ford da Mustang masu manyan injuna. Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala wa masu irin waɗannan motoci kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta a rage hayaƙi, sannan takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya ƙarasa abin da ya rage.

Su wa suka saye su tun suna sababbi? Samari ne galibi, kuma ba don su ajiye suka saya ba. Ranar hutu suna filin tseren rubu'in mil, daren Asabar suna gwada ƙarfi daga wannan danja zuwa waccan. Inji kamar 302 na Chevrolet Camaro Z/28, wanda aka ƙera domin tseren Trans-Am, sai an kai shi ƙoli yake nuna kansa, kuma da yawa a ƙolin suka fashe. Wasu aka canza su a garejin dila ƙarƙashin garanti tun motar ba ta shekara biyu ba. Da mai ya yi tsada, wasu suka sauke babban inji suka sa ƙarami. A ƙarshen shekarun 1970 waɗannan motoci tsofaffin kwance ne masu araha, ba wanda ya damu da wata lamba a jikin ƙarfe. Don haka samun mota mai wani inji ba baƙon abu ba ne, ba kuma alamar an yi maguɗi ba ce. Tarihin yadda aka yi amfani da su ne kawai.

Shawarar da aka fi ba mai saye ita ce ya cire wani kaso daga farashi: kashi kaza cikin ɗari, shi ke nan. Ban yarda da wannan ba, domin yana sa mutum ya biya fiye da ƙima a wata motar, ya kuma gudu daga ciniki mai kyau a wata. Injin asali aiki biyu yake yi. Yana tuƙa mota, kuma yana ba da shaidar ko wace ce ita. Aikin farko kowane inji mai lafiya zai yi shi, wani ma ya fi na asalin. Na biyun ne ba mai maye shi. Tambayar da ya kamata mai saye ya fara da ita ke nan: nawa ne daga cikin kuɗin wannan motar ya rataya a kan shaidar injin?

A motocin gama-gari kusan babu. Ford ya sayar da Mustang fiye da miliyan ɗaya cikin shekara biyun farko. Wadda ta fito da ƙaramin 289 na yau da kullum, ko Chevelle Malibu mai 307, ko Barracuda mai 318, ba injin ne ya ba su daraja ba, siffarsu ce da lafiyar jikinsu. In an sa wa irin wannan sabon inji mai ƙarfi, aka yi aikin da tsafta, aka gyara birki da lagireto suka dace da shi, ragin da za a yi kaɗan ne, sau da yawa ma kuɗinta ƙaruwa yake yi. A gwanjon Barrett-Jackson da ake yi kowane Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, an saba ganin tsohuwar mota da aka sa wa injin zamani da giya da na'urar sanyi ta fi 'yar'uwarta da aka bari yadda take tsada.

Lamarin yana canzawa in an hau zuwa motocin da injin ne sunansu. Plymouth 'Cuda mai injin Hemi 426, wanda kamfani ya rubuta masa ƙarfin doki 425, ba don bodinta ake biyan abin da ake biya ba, domin bodin ɗaya ne da na Barracuda mai 318. A watan Yuni na 2014 kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da wata Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a Seattle a kan dala miliyan 3.5. Irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce 12 ba, kuma babban abin da aka tallata ta da shi shi ne tana tare da injinta na asali. A wannan matakin rashin inji asara ce babba. Amma ko a nan akwai abin da ke rage zafin asarar. Chrysler, uwar Dodge da Plymouth a wancan zamanin, ya riƙa rubuta nau'in inji a cikin lambar shasi. Harafi na biyar shi ke faɗa: a 1970 da 1971, R na nufin Hemi, V na nufin 440 mai kafireta uku. Ga kuma ɗan farantin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bonet, a gefen taya, mai ɗauke da lambobin launi da kayan da aka sa wa motar. Ford ma haka ya yi: Z a wuri na biyar na nufin Mustang Boss 429, G na nufin Boss 302. Saboda haka ko injin ya ɓata, motar tana iya tabbatar da cewa da shi aka haife ta. Hemi 'Cuda ce da ta rasa injinta, ba Barracuda ce da aka yi wa kwalliya ba.

A wajen Chevrolet ne abin ya fi tsanani, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi ƙonewa. Daga 1966 zuwa 1968 Chevelle SS 396 tana da lambarta ta daban, shasinta yana farawa da 138. Daga 1969 sai SS ta koma ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa, lambar shasi ta daina nuna ta, kuma sai a 1972 aka fara sa harafin inji a ciki. Ma'ana, Chevelle ta 1970 mai injin LS6, inci 454 da ƙarfin doki 450, wanda aka ƙera 4,475 kawai, lambarta ba ta bambanta da ta Malibu mai ƙaramin V8 ba. Camaro Z/28 ta 1969 ma haka: an yi 20,302, amma shasin yana cewa V8 ne kawai. Alamomin jiki, ratsin fenti, bonet mai tudu, duk ana sayar da sababbinsu a yau, kowa na iya ɗaurawa. To in injin asali ya tafi kuma babu takarda, me ya rage da zai nuna LS6 ce? Maganar mai sayarwa. A irin wannan hali ba ragin wani kaso ake magana ba. Ana biyan kuɗin Malibu ce da aka yi wa ado, komai kyan labarin da ya zo da ita.

Shi ya sa takardu ke da nauyin da ke kusa da na inji. Mai Ford ta 1967 zuwa sama yana iya sayen rahoton Marti, wanda ake cirowa daga bayanan kamfanin kansa. Mai Pontiac yana samun kwafin rasiɗin masana'anta daga Pontiac Historic Services, kuma shi ne hanyar tabbatar da GTO ta 1964 da 1965, lokacin da ba ta da lambar shasi tata. Chevrolet na Amurka kuwa ba a samun irin waɗannan bayanai na wancan zamanin, sai motocin da aka haɗa ko aka sayar a Kanada, waɗanda reshen GM na can ya adana nasu. Sauran sun dogara ne da abin da ya tsira a jikin motar: takardar haɗi da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujera, ko ƙasan kafet, ko saman tankin mai, da kuma ɗan katin ƙarfe na garanti mai suna Protect-O-Plate, wanda ke ɗauke da lambar injin da aka sa mata. Chevelle da ta rasa inji amma tana da takardar haɗi ta gaskiya wata mota ce daban da wadda ba ta da ko ɗaya. Na ce ta gaskiya domin su ma takardun ana buga na jabu, har da tsufar da su da gangan.

Injin da aka maye da shi ma ba duka ɗaya ba ne. Wanda ya fi kusa da na asali shi ne wanda dila ya sa ƙarƙashin garanti. Na Chevrolet lambarsa kan fara da CE, kuma in akwai rasiɗin aikin, masu tara motoci suna girmama shi, domin ɓangare ne na tarihin motar. Sai bulo mai nau'in da ya dace da kwanan watan da ya dace. Kowane bulo yana da lambar da aka zubo shi da ita, da ranar da aka zuba shi: a Chevrolet harafi ne na wata, A Janairu, B Fabrairu, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Ƙa'idar tana da sauƙi. Ranar zubi ta riga ranar haɗa inji, ita kuma ta riga ranar haɗa mota, yawanci da kwanaki ko makonni. Bulon da aka zuba bayan motar ta bar masana'anta ba zai taɓa zama nata ba. Ƙasa da wannan akwai inji ɗan gida ɗaya amma na wata shekara, kamar 454 da aka ciro daga a-kori-kura ta 1976, wanda a ido iri ɗaya ne amma cikinsa mai sanyi ne. Daga nan sai injin zamani da ake saye sabo a akwati, LS na Chevrolet ko Coyote na Ford. Wannan ya fitar da motar daga kasuwar masu neman asali gaba ɗaya, ya shigar da ita wata kasuwar inda ingancin aikin bakanike ne ke yanka farashi. A mota ta gama-gari riba ce. A Boss 429 ɓarna ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba motar da mai ita ya faɗi gaskiya ba ce. Ita wannan an san matsayinta, ana ciniki a fili. Haɗarin yana wajen wadda lambobinta suka dace alhali ba su cancanci dacewa ba. Daga ƙirar 1968 kamfanonin suna buga wani yanki na lambar shasi a jikin inji da giyabos. A Chevrolet ana samunsa galibi a wani ɗan fili a gaban bulo, ɓangaren fasinja, kusa da lambar haɗa inji wadda ke nuna masana'anta da rana da nau'i, kamar DZ na Z/28 ta 1969. In an kai bulo wajen masu aikin ƙarfe aka goge samansa don ya daidaita, lambar tana tafiya. Wannan gyara ne na halal. Amma mai son zuciya yana iya samun bulo mai kwanan watan da ya dace, ya goge fili, ya buga lambar da yake so. Masana suna gane shi ta saman ƙarfen: na'urar gogewa ta masana'anta tana barin siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, ta gareji kuwa takan bar masu lanƙwasa. Suna kuma duba siffar haruffan da zurfinsu da yadda suka jeru, suna gwadawa da na wasu motoci da aka haɗa a masana'anta ɗaya a mako ɗaya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai wannan ido ne da aka yi shekaru ana horarwa. Wanda zai biya kuɗin mota mai injin asali ya ɗauki hayar masanin wannan ƙirar takamaimai, ba bakaniken unguwa ba, kuma ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Ya kuma kula da lafazi. Wasu masu sayarwa in sun ce lambobi sun dace, nufinsu bulon irin wanda ya kamata ne, ba wai shi ne na asalin ba. Tambayar da ba ta da wurin zamewa ita ce: wannan ne injin da aka haɗa wannan motar da shi a masana'anta? Amsar a rubuta ta a takardar ciniki, mai sayarwa ya sa hannu. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a nan ya riga ya amsa.

To yaya ake fitar da adadi? Ni hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a nemo rufi da daɓe. Rufin shi ne abin da aka sayar da irin motar mai injin asali, a yanayi irin nata. Jagorar farashi ta kamfanin inshorar Hagerty tana kasa yanayi gida huɗu, daga 1, wadda ta isa shiga gasa, zuwa 4, wadda ake hawa da lahaninta, kuma masu sayarwa sun saba ɗaga motarsu da mataki guda. Daɓen shi ne abin da aka sayar da kwaikwayo mai kyau, wato motar gama-gari da aka mayar kamar ita. Duka biyun a ɗauko su daga cinikin da ya faɗa, a Mecum ko Barrett-Jackson ko shafin gwanjo na Bring a Trailer, ba daga kuɗin da ake sa wa a talla ba, a kuma lura ko adadin ya haɗa da la'adar mai saye, wadda a manyan wuraren gwanjo takan kai kashi 10 cikin ɗari. Motar da ake ciniki tana tsakanin biyun. A ce, don misali kawai, Charger R/T ta 1969 mai injin asali tana dala 100,000, kwaikwayonta kuma 55,000. Wadda shasinta ya fara da XS29L, wato R/T ce ta gaske mai 440, farantinta yana nan, giyarta da aksil ɗinta na asali ne, bulon kuma na watan da ya dace, tana kusa da rufi. Kowace shaida da ta ɓace tana sauko da ita mataki. Wadda ba abin da ya rage mata sai labari tana daɓe.

Akwai wani lissafi da ke ruɗar masu saye, wato a cire kuɗin sayen inji mai dacewa daga farashin mai asali a ce an samu ƙima. Ba haka ba ne. Ko an kashe dubbai an samo bulo da kan silinda da kafireta masu kwanan watan da ya dace, motar ta matsa sama ne kawai, ba ta koma mai injin asali ba. Tsatsa ana yankewa a yi walda, fenti ana sakewa, kujeru ana ɗinkawa. Wannan giɓin kuɗi ba ya cike shi. Ragin da aka yi maka ranar saye, kai ma za ka yi wa wani ranar sayarwa, kuma in kasuwa ta yi sanyi motoci masu cikakkiyar shaida ne ke fara samun mai saye.

Duk da haka kada zancen inji ya ɗauke hankali daga jikin motar. Charger da 'Cuda da Mustang ba su da firam daban, bodin ne ke ɗauke da komai. In tsatsa ta ci dogayen ƙarafan ƙasa, ko daɓen but, ko gindin gilashin gaba inda ruwa ke kwanciya a Mustang, gyaran yakan fi kuɗin sabon inji nesa ba kusa ba. Da a ba ni zaɓi tsakanin mota mai injin asali da ta yi rayuwarta a Michigan inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, da wadda ta fito daga busasshiyar Arizona da wani inji, in ba cikin 'yan ƙalilan masu tsadar gaske take ba, ta biyun zan ɗauka. A duba kuma kusoshin da suka riƙe farantin lambar shasi. Ciro lamba daga mota a liƙa wa wata laifi ne a dokar tarayyar Amurka, kuma motar da aka yi wa haka tana iya zama asara gaba ɗaya. Shi kansa injin da ke ciki a gwada shi kamar kowane inji: matsin silinda, ƙarfin bugun mai in ya yi zafi, hayaƙi, da rasiɗan wanda ya haɗa shi.

Ga wanda burinsa ya kai mota gaban alƙalai a babban baje kolin da ake yi kowane Nuwamba a Rosemont kusa da Chicago, ko ya ajiye ta a matsayin kadara, injin asali ya cancanci kuɗinsa. Ga wanda yake so ya hau, ina ganin mai wani inji ta fi. Mai LS6 da lambarta ta dace yana tuƙi da fargaba, domin sandar fistan ɗaya in ta ɓalle ta huda bulo, ta tafi da wani babban yanki na dukiyarsa. Shi ya sa wasu masu irin waɗannan motoci ke sauke injin asalin da kansu su ajiye a gefe, su sa wani su riƙa hawa da shi.

Wannan ɗabi'ar ce ta sa kafin a rufe ciniki ya kamata a tambayi mai sayarwa ina tsohon injin. Wani lokaci yana nan a kusurwar gareji, ko wurin wanda ya riƙe motar kafin shi, a tsage, an ɗauka ba shi da amfani. Bulon da ya tsage ana iya ɗinke shi, silindar da ta lalace ana iya sa mata hannun riga, muddin filin da lambar take bai taɓu ba. In ya samu, a sa shi cikin ciniki ko da a fashe yake, a kuma gargaɗi duk wanda zai gyara shi kada ya goge saman wannan filin.